Hayaƙi a filin jirgin sama: me dokar atisayen gaggawa ta tanada?

Da zarar an hango hayaƙi ya turnuƙe a gefen filin jirgin sama, motocin kwana-kwana da na asibiti suna ta jiniya, kafin ka ce kwabo saƙon murya ya karaɗe WhatsApp cewa jirgi ya faɗo kuma hukuma na ɓoye gaskiya. Sau da yawa abin da aka gani atisaye ne. Tarkace ake cinna wa wuta, waɗanda ke kwance a ƙasa da jan fenti a rigunansu kuwa ma'aikata ne da 'yan sa-kai, kowanne ɗauke da katin da ya faɗi irin raunin da ake so ya kwaikwaya.

Doka ce ta tilasta yin hakan. Hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta shimfiɗa ƙa'idar a rataye na 14 na yarjejeniyar Chicago ta 1944, Najeriya kuma ta saka ta a kashi na 12 na ƙa'idojin da NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasar, ke aiwatarwa. Dole kowane filin jirgi ya mallaki rubutaccen shirin ko-ta-kwana, ya kuma gwada shi gaba ɗaya kafin shekara biyu ta cika, tare da ƙaramin gwaji a tsakani. Shirin ya haɗa masu gudanar da filin, irin su FAAN, hukumar filayen jiragen sama ta tarayya, da kamfanonin jirage da jami'an tsaro da asibitoci.

Inda aka fi yi wa dokar gurguwar fahimta shi ne batun minti uku. Wasu na ɗauka alkawari ne cewa duk inda jirgi ya faɗo za a ceto mutane cikin minti uku, alhali abin da aka rubuta bai kai nan ba. Ana fara ƙidaya ne daga lokacin da aka kira 'yan kwana-kwanan filin, a tsaya lokacin da motar farko ta isa wurin, ta kuma iya fesa kumfa da aƙalla rabin ƙarfin da aka ƙayyade. Wannan ma'auni a cikin filin jirgin kaɗai yake aiki, musamman kan titin sauka da tashin jirage, kuma sai idan gari ya yi haske kuma hanya ba matsala. Ranar da hazon hunturu ya rufe Kano, ko jirgi ya faɗa cikin unguwa kamar yadda jirgin kamfanin EAS ya faɗa Gwammaja a Kano ranar 4 ga Mayun 2002, ba a auna kowa da wannan agogon. A irin wannan hali shirin ya dogara ne ga 'yan kwana-kwanan jiha da asibitocin gari, kuma a ganina nan dokar ta fi rauni, domin ta ɗora nauyi mai yawa a kan waɗanda NCAA ba ta da ikon tsawatar musu.

Akwai kuma matakan kashe gobara daga 1 zuwa 10 da ake ba kowane fili, gwargwadon tsawo da faɗin jiragen da ke sauka a cikinsa. Idan mota ta lalace ko kumfa ya yi ƙaranci, wajibi ne filin ya sanar da matuƙa cewa matakinsa ya sauka, wanda hakan kan sa babban jirgi ya karkata zuwa wani gari. Fasinja ya ga an ɓata masa tafiya, amma dokar ce ke aiki. Filin da ya yi sakaci kuwa, NCAA na iya cin sa tara ko ta dakatar da takardar shaidarsa.

Tsoron jama'a ba banza ba ne. Kano ba ta manta da 22 ga Janairun 1973 ba, ranar da jirgin alhazai daga Jidda ya kama da wuta wajen sauka, mutum 176 suka rasu. Garin da ya ga wannan bai cancanci a bar shi da sanarwar atisaye ta Turanci a shafin intanet ba. Kamata ya yi a faɗi rana da lokacin atisaye da Hausa a gidajen rediyo, a kuma bi ta hannun masu unguwannin da ke maƙwabtaka da filin tun ana saura kwanaki.