Waiwaye: Yadda Manhajar ERP Ta Taso Daga Sito Ta Mamaye Kamfani

A shekarun 1960 tambaya guda ce ke hana masu masana'antu barci: kayan haɗi nawa za a saya, kuma yaushe? Mai ƙera keke 500 sai ya tanadi ƙafa 1,000, kowace da tayarta da wayoyinta. Abu ɗaya ya makara, aiki ya tsaya cak; a jibge kaya da yawa kuma, jari ya kwanta a sito. Joseph Orlicky na kamfanin IBM yana cikin waɗanda suka ɗora wannan lissafi a kan kwamfuta, aka kira tsarin MRP, wato tsara kayan haɗin da masana'anta ke buƙata.

A 1972 wasu mutum biyar suka bar IBM suka kafa kamfanin manhaja mai suna SAP a Jamus. Dabarar da ta ɗaukaka su ita ce kowane sashe ya riƙa rubutu a rumbun bayanai guda. Da, mai sito da littafinsa, akanta da nasa, ƙarshen wata a zauna ana musun lissafin wa ya fi gaskiya. Yanzu mai sayarwa na shigar da oda, adadin kayan sito ya ragu, takardar biyan kuɗi ta fito, akanta ya ga bashin nan take. Kamfanin bincike na Gartner ne ya raɗa wa irin wannan manhaja suna ERP, wato tsara albarkatun kamfani, a 1990, SAP kuma ya fito da manhajarsa ta ERP mai suna R/3 a 1992.

Fargabar rikicewar kwamfutoci a shekarar 2000 ta sa kamfanoni suka yi rububin sayen ERP, gaggawar kuwa ta ci wasu. Hershey, mai yin cakulan a Amurka, ya kunna sabon tsarinsa a 1999 dab da lokacin da kasuwarsa ta fi ci, ya kasa kai kaya na kusan dala miliyan 100 alhali suna nan jibge. A ganina nan gizo ke saƙar har yau: manhajar tana zuwa da nata tsarin aiki, ko dai ma'aikata su sauya yadda suka saba, ko a zuba kuɗi a lanƙwasa ta, wanda ke mayar da kowane sabuntawa jan aiki.

Daga baya harkar ta koma intanet, ana biyan haya maimakon saye. NetSuite, wanda aka kafa a 1998, ya yi gaba a wannan fage, har Oracle ya saye shi a 2016 a kan dala biliyan 9.3. SAP kuwa ya sa 2027 a matsayin wa'adin daina kula da tsohuwar manhajarsa ta ECC yadda aka saba, yana tura abokan cinikinsa zuwa sabuwar manhajarsa, S/4HANA.