Wai duk wanda ya tura gargaɗin tsaro a guruf zai sha ɗauri?

Jama'a wannan saƙon muryar da ke yawo a WhatsApp, wai duk wanda ya tura labarin ganin 'yan bindiga a guruf ɗin unguwa za a ɗaure shi shekara uku, wallahi ya fara ɓarna. Admin-admin sun fara kulle guruf, wasu na ficewa sum-sum, alhali mutanen Dutsen Abba da Ƙofar Gayan a Zariya da ƙauyukan hanyar Giwa da wannan wayar suke ankarar da juna in an hango babura da daddare.

Dokar da ake nufi ita ce ta laifukan intanet ta 2015, sashe na 24. Ta hau kan kowa, ɗan jarida ne ko ɗan sintiri ko mai shayi. Hukuncin kuma ba ƙarya ba ne: ɗaurin da bai wuce shekara 3 ba, ko tarar da ba ta wuce naira miliyan 7 ba, ko duka biyun.

Abin da mai muryar bai faɗa ba shi ne an gyara sashen a Fabrairun 2024. A da ko saƙonka ɓata ran wani kawai ya yi ko cin fuska ana iya kama ka, shi ya sa kotun ECOWAS ta ce sashen ya take 'yancin faɗin albarkacin baki. Yanzu in aka cire batsa, abu biyu ne sai sun haɗu: ka san saƙon ƙarya ne, sannan ka tura shi da nufin tada zaune tsaye ko jefa rai cikin haɗari. Manomin da ya hango babura da mutum uku-uku a kai sun gangara rafi, ya rubuta "ku yi hattara", daga baya ta tabbata 'yan biki ne, kuskure ya yi, ba ƙarya ya shirya ba. Wanda doka ke nema shi ne mai ɗauko bidiyon harin wata jiha na shekarun baya ya ce yanzu-yanzu a Wusasa, ko ya laƙa wa wata ƙabila, yana sane.

Amma fa kar mu yaudari kanmu, kalmar tada zaune tsaye ɗin nan da faɗi take, kuma ko bayan gyaran an ci gaba da kama 'yan jarida da ita. Kafin alƙali ya wanke ka ka riga ka kwana a sel. Don haka faɗi abin da idonka ya gani, da wuri da lokaci, in ji ka yi ka ce ji ka yi, ka kira mai unguwa ko DPO ko lambar gaggawa ta 112 tukuna.

Inda ni abin ke min ciwo, jihar Kaduna ta kafa Hukumar Zaman Lafiya tun 2017, kuma gano rikici kafin ya ɓarke na cikin aikinta, amma a unguwanni har yau karo-karo ake yi na kati da data da man babur ɗin 'yan sintiri. Tun harin da 'yan bindiga suka kai kwalejin kimiyya da fasaha ta Nuhu Bamalli a Yunin 2021 mutanen Zariya suka san darajar kiran waya ɗaya a kan lokaci. In gwamnati na son a daina yaɗa jita-jita, ta ware kuɗi a kasafi a samu wanda zai ɗaga waya ƙarfe biyun dare ya tantance labari ya turo jami'ai. Admin ku dai ku buɗe guruf ɗin nan dan Allah.