Mene ne metadata, kuma me ya sa ake ta rigima a kanta?

Duk kiran da ka yi a waya yana barin sawu a kwamfutocin kamfanin layi: lambar da ta kira, wadda aka kira, ƙarfe nawa ne, minti nawa aka shafe, har da eriyar da wayarka ta kama a lokacin. Maganar da kuka yi ba ta ciki. Wannan sawun shi ake ce wa metadata. Kamar ambulan ɗin wasiƙa ne, ana ganin adireshi da hatimin gidan waya ko ba a farke shi ba.

Kalmar ta shiga bakin duniya a watan Yunin 2013, lokacin da Edward Snowden, wanda ya yi wa hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA aikin kwantiragi, ya fallasa cewa hukumar tana kwasar bayanan kiran miliyoyin mutanen da ba a zarginsu da komai. Hukumar ta jingina aikin da sashe na 215 na dokar Patriot, wadda aka kafa a watan Oktoban 2001 bayan harin 11 ga Satumba. Da hayaniya ta tashi, Shugaba Obama ya fito ya ce babu wanda ke sauraron kiran jama'a.

Bai yi ƙarya ba, amma maganar ba ta kwantar da hankali. Mai bin sawun shanun sata ba ya buƙatar jin hirar ɓarawo kafin ya san inda aka kwana da su. A ce mutum ya kira likita da ƙarfe biyun dare, da asuba ya shafe minti arba'in da yayansa a waya, kafin azahar kuma ya kira dillalin filaye sau uku. Ba ka ji ko kalma ɗaya ba, amma ka san akwai mara lafiya a gidan, kuma kuɗin magani sun gagara. Tara irin wannan na shekara biyar, tsawon lokacin da NSA ta riƙa ajiye bayanan ke nan, sai ka san abokan mutum da malaminsa da wadda yake nema. Michael Hayden, wanda ya shugabanci NSA da kuma takwararta ta leƙen asiri, CIA, ya faɗa a bainar jama'a a 2014 cewa suna kashe mutane bisa metadata, ko da yake ya ƙara da cewa ba da bayanan wannan shirin ba.

Jami'an tsaro suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Idan aka kama wayar ɗan ta'adda, ana son a ga waɗanda yake hulɗa da su nan take, kafin su tsere. Matsalar ita ce faɗin komar. An ba da damar bin sawu har zuwa hawa uku, wato wanda ake zargi, da waɗanda ya kira, da waɗanda su ma suka kira, da na gaba da su. Mai sayar da gas ɗaya ya isa ya jawo unguwa guda cikin bincike. Wata hukumar Amurka mai sa ido kan 'yancin jama'a ta duba shirin a watan Janairun 2014, ta ce ba ta ga ko harin ta'addanci ɗaya da shi ne ya hana ba. A 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta ce shirin ya wuce iyakar doka, majalisa kuma ta dakatar da kwasar ta gama-gari.

A Najeriya, sashe na 37 na tsarin mulki ya kare sirrin hirar waya, dokar laifukan intanet ta 2015 kuma ta wajabta wa kamfanoni ajiye bayanan sadarwa na shekara biyu. Tun Disambar 2020 aka tilasta haɗa layi da lambar NIN da sunan tsaro, sai sawun ya samu suna da hoto da zanen yatsa. Mun sha layi a rana mun yi rajista. Masu garkuwa da mutane kuwa har yanzu da waya suke cinikin kuɗin fansa.