Gidan mafakar mata a Zariya: abin da doka ta tanada kafin a buɗe ƙofa

Duk wanda ya san Zariya ya san cewa akwai matan da dare kan riske su a rumfunan kasuwar Sabon Gari ko a bakin tasha, wasu saki ne ya fito da su, wasu kuma jinya ce ta kawo su asibitin koyarwa da ke Shika har guzurinsu ya ƙare. Akan sami mai tausayi ta ware musu ɗaki biyu a gidanta, tana ciyar da su daga tukunyarta. Aiki ne na lada, sai dai ranar da ta rasu gidan ya zama na magada, matan kuma su koma inda suka fito. Wannan giɓin ne rajista take toshewa.

Dokar da ta shafi lamarin ita ce Dokar Kamfanoni ta 2020, wadda aka fi sani da CAMA, kuma Hukumar Rajistar Kamfanoni ta Ƙasa, wato CAC, ce ke aiwatar da ita. Sashe na 823 ya ba ƙungiyar jinƙai damar naɗa amintattu biyu ko fiye, wato waɗanda za su riƙe amanar dukiyarta, su nemi rajista da sunanta. Za a gabatar da sunan ƙungiyar da manufofinta da kundin tsarin mulkinta da bayanin taron da aka naɗa amintattun, sannan a buga sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko wani zai kawo ƙorafi. Yaro ba ya zama amintacce, haka mai taɓin hankali, da wanda kotu ta ayyana ya karye da bashi, da wanda aka samu da laifin zamba cikin shekara biyar da suka gabata.

Da zarar takardar shaida ta fito, ƙungiyar ta zama mai cin gashin kanta a idon doka, tana iya mallakar fili da gida, ta kai ƙara, a kuma kai ta, kuma mutuwar wanda ya kafa ta ba ta rushe ta. A nan ne nake ganin mutane suka fi yin kuskure, domin sau da yawa sukan yi rajistar ƙungiya amma su bar takardun gidan da sunan mutum ɗaya saboda kunya ko yarda. Ya kamata a je KADGIS, hukumar da ke kula da takardun filaye a Jihar Kaduna, a mayar da su sunan amintattun ƙungiyar tun mai bayarwar yana raye, kamar dai yadda ake rubuta wakafi a gaban shaidu.

Sashe na 838 ya hana raba kuɗin ƙungiya ga mambobi a matsayin riba. Ana iya biyan albashin mai gadi da mai dafa abinci da uwar gidan da ke kwana da matan, amma ɗan kwamitin gudanarwa ba ya riƙe muƙamin albashi, sai dai a mayar masa da abin da ya kashe daga aljihunsa. Wajibi ne kuma a riƙa kai wa hukumar rahoto kowace shekara. Sashe na 839, wanda ya jawo ce-ce-ku-ce daga ƙungiyoyin addini a 2020, ya buɗe a lokacin hanyar dakatar da amintattu idan aka sami almundahana. In kuwa an rushe ƙungiyar, abin da ya rage bayan biyan bashi wata ƙungiya mai irin manufarta ake miƙa wa.

Takardar CAC ba ta wadatar ita kaɗai ba, domin mata da yawa da goyo suke zuwa, kuma Jihar Kaduna tana da dokarta ta kare yara ta 2018. Saboda haka a tuntuɓi ma'aikatar jiha mai kula da jin daɗin jama'a, a kuma sanar da mai unguwa da ofishin 'yan sanda mafi kusa, tun kafin wani miji ya zo ƙofar gidan da dare yana cewa an ɓoye masa mata.