A ƙara wa Shugaban Ƙasa ƙarfi ya kashe cin hanci? Ga amsoshinku

Daga teburin mai shayi a Fagge har rumfunan Kantin Kwari, tambayoyin nan ake ta maimaita min. Na gaji, ga su a wuri ɗaya.

Shugaban Ƙasa zai iya gyara kundin tsarin mulki shi kaɗai?

A'a. Sashe na 9 na kundin 1999 ya ce sai kashi biyu bisa uku na Majalisar Dattawa da ta Wakilai sun yarda, sannan majalisun jihohi 24 cikin 36.

To a ƙara masa iko ya kama ɓarayi mana.

Wane iko ne ba shi da shi, Malam? Shi ke naɗa shugaban EFCC, shi ke iya cire shi. Dubi shugabanninta na baya: an tura Ribadu karatu Kuru a ƙarshen 2007, an dakatar da Magu a 2020, Bawa a 2023. Shi ke naɗa Antoni Janar, wanda sashe na 174 ya ba ikon janye ƙara. Shi ke afuwa: Jonathan ya yafe wa tsohon gwamnan Bayelsa Alamieyeseigha a 2013, Buhari ya yafe wa tsofaffin gwamnoni Dariye da Nyame a 2022 bayan kotu ta ɗaure su.

Ai Murtala da ƙarfin tsiya ya gyara ƙasa.

Allah ya jiƙansa. Ya sallami dubban ma'aikata a 1975, gaskiya ne. Abacha ma irin ƙarfin nan ya riƙe, shekaru aka yi ana dawo da kuɗin da ya sace daga Suwizalan. Ikon da kuka ba wanda kuke so, wanda ba ku so zai gaje shi.

A cire rigar kariya ko a bar ta?

Nan ne ba na gaggawa. Sashe na 308 ya hana a kai Shugaban Ƙasa, mataimakinsa, gwamnoni da mataimakansu kotu suna kan mulki. Bai hana bincike ba, Kotun Ƙoli ta faɗi haka a 2002 a ƙarar Gani Fawehinmi. Amma binciken da zai jira shekara takwas, takardu sun ɓace, shaidu sun samu muƙami.

Sai dai ku duba ɗaya ɓangaren. Idan aka cire rigar alhali EFCC tana aljihun Abuja, gwamnan adawa ba zai yi barci ba. Daga 2003 zuwa 2011 Kano tana hannun ANPP, Abuja tana hannun PDP. Ku lissafa sammacin da zai riƙa sauka a gidan gwamnati. Ni a ganina, kuma ban ce dole ku bi ba, a fara raba muƙamin Antoni Janar da na Ministan Shari'a, a sa cire shugaban EFCC ya zama sai da yardar Majalisar Dattawa, sannan a yaye rigar a laifukan satar kuɗin jama'a kawai. Ko hakan ma da sauran rina a kaba, don majalisun jihohin da za su amince, da yawansu 'yan amshin shatan gwamnoni ne.

Ba dabarar tazarce ba ce duk wannan?

Kwantar da hankalinka, Alhaji. An gwada a 2006, Majalisar Dattawa ta yi watsi da ita. Ku dai karanta kowane ƙudiri kafin ku tafa.

Kuɗin ƙananan hukumomi fa?

Kotun Ƙoli ta ce a ranar 11 ga Yulin 2024 a biya su kai tsaye. Muna da 44 a Kano, je ka tambayi ciyaman ɗinku nawa ya shigo.

Ni talaka me zan yi?

'Yan majalisar jihar nan 40 ne, kuma su za su kaɗa ƙuri'ar Kano a kan gyaran. Faɗa min sunan naka tukuna.