Waiwaye: Yadda Malaman Jami'a Suka Yi Jayayya da Shirin SAP

Da farashin ɗanyen mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, gwamnatin Shehu Shagari ta kafa dokar tsuke bakin aljihu a watan Afrilun 1982, ta kuma fara neman rancen IMF, wato Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Asusun ya gindaya manyan sharuɗɗa uku: a karya darajar naira, a janye tallafin fetur, a saki hanyar shigo da kaya. Gwamnatin Buhari ta ƙi. Da Janar Babangida ya karɓi mulki a watan Agustan 1985 sai ya miƙa wa jama'a maganar, aka yi watanni ana tafka muhawara a jaridu da zaurukan jami'o'i. A Disamba ya sanar cewa an fasa cin bashin. Watan Yulin 1986 kuma sai ga SAP, wato shirin gwamnati na sauya fasalin tattalin arziki, ɗauke da sharuɗɗan nan kusan gaba ɗaya, an ce shirin na gida ne.

A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya aka fi ja da shirin. Yusufu Bala Usman, malamin tarihi a jami'ar, ya fitar da littafi a 1986 yana cewa mafita ita ce a dogara da kasuwar cikin gida. A Ibadan akwai Bade Onimode, a Fatakwal akwai Claude Ake. Hujjarsu ba ta aƙida kaɗai ba ce, lissafi ne. Karya darajar kuɗi na amfanar ƙasar da ke da kayan sayarwa waje masu yawa, domin kayanta za su yi araha. Najeriya kuwa kusan ɗanyen mai kaɗai take fitarwa, da dala ake cinikinsa, kuma OPEC, ƙungiyar ƙasashe masu fitar da mai, ke yanka mata adadin gangar da za ta haƙo. Ko naira ta faɗi warwas, ganga ɗaya ba za ta ƙaru ba.

Abin da zai motsa shi ne kuɗin shigo da kaya. Ɗauki masaƙa a Kakuri ta Kaduna ko Bompai ta Kano. Rini, sinadarai, kayan gyaran inji, duk daga waje suke zuwa. A 1985 dala ba ta kai naira ɗaya ba a farashin gwamnati. Da aka buɗe gwanjon dala na SFEM a Satumbar 1986, inda bankuna ke taya kuɗin waje a Babban Banki, ta haura naira huɗu. Mai masaƙa yana buƙatar jari ninki huɗu don ya sayo abin da ya saba saye. Ya nufi banki, ya tarar gwamnati ta daina ƙayyade kuɗin ruwa a 1987, ya yi sama. Ya ƙara wa atamfa kuɗi, mai saye ba shi da hali: mafi ƙarancin albashi ya tsaya a naira 125 tun 1981, sai a 1991 ya koma 250, kuma a lissafin dala ya zube daga kusan 200 zuwa kusan 25. Daga nan sai rage aikin dare, sai sallamar ma'aikata.

Sai dai masu goyon bayan SAP ma suna da gaskiyarsu a wuri guda, kuma malaman ba su ba ta amsa mai gamsarwa ba. Lasisin shigo da kaya ya zama haja. Mai uwa a gindin murhu ya samu takarda, ya karɓi dala a farashin gwamnati, ya sayar wa ɗan kasuwa na gaske da riba, ko kwantena bai taɓa gani ba. Hukumomin sayen amfanin gona kuma sun daɗe suna biyan manomi ƙasa da farashin duniya. Da aka rushe su a 1986 manoman koko sun ga kuɗi. Amma an rushe har da aikin da suke yi na tantance inganci da raba iri, shi ya sa irin auduga ya cakuɗe a Arewa.

Gwamnati ba ta tsaya ga mayar da martani da alƙalami ba. An zargi malamai da koyar da abin da ba a biya su su koyar ba. A 1988 aka kori Patrick Wilmot, malami a Jami'ar Ahmadu Bello, daga Zariya zuwa Landan, aka kuma haramta ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i. A 1989, shekarar boren SAP na watan Mayu, aka sallami Bala Usman, sai kotu ce ta mayar da shi. A shekarar ce kuma Adebayo Adedeji, shugaban hukumar tattalin arzikin Afirka ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ya gabatar da wani tsarin da zai maye gurbin SAP, Bankin Duniya bai karɓa ba.

Litar fetur da ta tashi daga kwabo 20 zuwa 39.5 a 1986 ita ce dai aka sake taɓawa ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya ƙare. Cikin kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500, kuma a watan Yuni Babban Banki ya sake sakin naira ga kasuwa.