Kuɗin kafin sulhu a ƙarar diyyar rai a Amurka

Kuɗin kafin sulhu wani tsari ne da ya yaɗu a Amurka tun daga shekarun 1990, inda kamfani mai zaman kansa yake ba mai ƙara wani abu a hannu tun shari'arsa tana gaban kotu, bisa sharaɗin cewa ranar da aka biya diyya kamfanin zai cire uwar kuɗinsa da ribarsa daga ciki. Idan kuwa ƙarar ta faɗi, kuɗin kamfanin ya bi shanun sarki, ba ya bin mai ƙara ko sisi. Mafi yawan masu karɓar wannan kuɗi waɗanda suka ji rauni ne a hatsarin mota, amma akwai rukunin da lamarin ya fi yi wa nauyi: iyalan da aka yi sanadin mutuwar mai ciyar da su, ta hanyar gangancin direba, ko sakacin asibiti, ko kayan masana'anta masu lahani, ko harbin ɗan sanda. Ƙararsu ta fi tsada, ta fi daɗewa, kuma daɗewar nan ita ce take ƙayyade abin da kamfani zai ci.

Asalin ƙarar diyyar rai

Wanda ya tashi da sanin diyya a shari'ar Musulunci zai yi mamakin jin cewa dokar kotunan Ingila ta farkon ƙarni na 19 ba ta san ta ba. A shari'ar Baker da Bolton ta 1808, alƙali Lord Ellenborough ya yanke cewa mutuwar ɗan Adam ba abin da za a kai ƙara a kansa ba ne a kotun farar hula. Sakamakon haka ya zama abin takaici: wanda ya karya wa mutum ƙafa zai biya, wanda ya kashe shi ba zai biya iyalinsa komai ba. Da jiragen ƙasa da masana'antu suka yi ta cin rayuka, majalisar Ingila ta gyara wannan a 1846, jihar New York ta bi sahu a 1847, kuma yau kowace jiha a Amurka tana da tata dokar.

Diyyar Amurka ba ta da adadi tsayayye irin raƙuma ɗari. Ana lissafa ta ne daga abin da mamacin zai iya samu a sauran shekarun aikinsa, da hidimar da yake yi wa gida, da kuɗin jana'iza, a jihohi da dama kuma har da raɗaɗin rashi. Sau da yawa ƙara biyu ake haɗawa: ta magada a kan abin da suka rasa, da ta mamacin kansa a kan wahalar da ya sha da kuɗin asibiti kafin ya cika. Wa'adin shigar da ƙara shekara biyu ne a jihohi irin su Kalifoniya da Texas da New York, shekara ɗaya a Tennessee. Jihar Alabama ta fita daban, domin diyyar da take bayarwa ta horo ce kawai, wato ana auna girman laifin wanda ya yi kisan, ba girman asarar iyali ba.

Abin da yake kai iyali ga kamfani

Lauyan irin wannan ƙara ba ya karɓar kuɗi a farko. Yana aiki ne bisa kaso, galibi sulusin diyya, wani lokaci har kashi 40 cikin 100 idan sai da aka zauna shari'a. Wannan ya sauƙaƙa wa talaka shiga kotu, amma bai sa tukunya a wuta ba. Ƙa'idar aikin lauyoyi ta ƙungiyarsu ta ƙasa, wadda yawancin jihohi suka ɗauka, ta hana lauya ba wanda yake karewa kuɗin cefane ko na haya. Abin da aka yarje masa shi ne biyan kuɗin kotu da na gudanar da ƙarar. Banki kuma ba ya karɓar ƙara a matsayin jingina.

To, ga matar da mijinta ya fita aiki da safe aka kira ta daga asibiti. Albashi ya tsaya a wannan watan. A Amurka inshorar lafiyar iyali tana rataye ne da aikin maigida a mafi yawan lokuta, saboda haka ita ma tana iya yankewa. Matsakaicin kuɗin jana'iza da binnewa ya kai kimanin dala 8,300 a 2023 bisa lissafin ƙungiyar masu hidimar jana'iza ta ƙasar, alhali kuɗin ta'aziyya na lokaci ɗaya da hukumar fansho ta tarayya take bayarwa dala 255 ne. Mai gidan haya ba ya jiran kotu.

Kotun kuwa ba ta sauri. Amadou Diallo, ɗan ƙasar Gini da 'yan sandan New York suka harbe a Fabrairun 1999, sai a 2004 birnin ya amince ya biya iyalinsa dala miliyan 3. Akwai waɗanda suka ƙare da wuri, kamar na George Floyd, wanda aka kashe a Mayun 2020 kuma birnin Minneapolis ya amince da dala miliyan 27 a Maris 2021, sai dai wannan shari'a ce da idon duniya yake kanta. Kamfanonin inshora, waɗanda galibi su ne suke biyan diyyar a madadin wanda ake ƙara, sun san wanda yunwa ta ci ba ya ciniki, don haka jan lokaci makami ne a hannunsu. A nan amfanin kuɗin kafin sulhu yake, kuma amfani ne na gaske: yana ba iyali ƙarfin ƙin tayin farko na wulaƙanci.

Yadda ake bayar da shi

Ba a duba albashin mai nema ko tarihin bashinsa. Ƙarar ake dubawa. Kamfani yana tuntuɓar lauya ya karɓi rahoton 'yan sanda, da takardar shaidar mutuwa, da bayanan asibiti, sannan ya tambayi abu uku: laifin a fili yake, nawa ƙarar za ta iya kawowa, kuma wanda ake ƙara yana da abin biya? Tambaya ta uku ta fi sauran nauyi. Direban ƙaramar mota a jihohi da yawa inshorar dala 25,000 kan mutum ɗaya doka ta wajabta masa, babbar motar dakon kaya mai ƙetare jihohi kuwa dokar tarayya ta ɗora mata aƙalla dala 750,000. Rai ɗaya ne, amma kamfani zai yi rububin ƙara ta biyu ya yi sanyin jiki da ta farko. Hukunci ma ba kuɗi ba ne sai an karɓo shi: a 1997 an yanke wa tsohon ɗan wasan ƙwallon Amurka O. J. Simpson biyan dala miliyan 33.5 ga iyalan mutum biyu da aka kashe, abin da ya shiga hannunsu kaɗan ne ƙwarai daga ciki. Haka nan rufin da wasu jihohi suka sa wa diyyar sakacin likita, kamar dala 250,000 da Texas ta ƙayyade wa raɗaɗi a kan likitoci a 2003, yana rage darajar ƙara tun kafin a fara.

Idan kamfani ya gamsu, yakan bayar da wajen kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na abin da yake hasashen za a samu, cikin kwana ɗaya ko biyu. Lauya yana sa hannu cewa idan diyya ta shigo asusunsa zai fara sallamar kamfanin kafin ya miƙa wa mai ƙara ragowar.

Ƙarar rai tana da wata sarƙaƙiya da ƙarar rauni ba ta da ita. Diyyar ba ta mutum ɗaya ba ce. A jihohi da dama sai kotun gado ta naɗa wakilin dukiyar mamaci, shi ne mai ikon shigar da ƙara, amma kuɗin na matar ne da 'ya'ya, wani wuri har da iyaye. Wanda ya karɓi kuɗin kamfani rabonsa kaɗai yake iya jinginarwa, kuma rabon nan ba a san shi ba sai ranar rabo. Kason yara ƙanana sai alƙali ya amince da shi, galibi a kulle shi a asusu har su balaga. Ke nan uwar da ta karɓi kuɗi don ta ciyar da marayu, daga nata kason za a cire, ita kaɗai.

Lissafin riba

Kamfanoni da yawa suna faɗin farashinsu a wata, kamar kashi 3 cikin 100, wanda a kunne ba ya da nauyi. Tambayar ita ce ko ribar tana haihuwa. A ɗauki misalin dala 10,000 a kan kashi 3 a wata, ana ɗora riba kan riba. Bayan shekara ɗaya ta zama kimanin 14,260. Bayan biyu ta haura 20,300. Bayan uku ta kusa 29,000. Da ribar ba ta haihuwa, a shekara ukun 20,800 za a biya. Wasu kwantiragin kuma suna lissafi ne wata shida-shida, ko da kwana ɗaya ka shiga sabon zango ka biya shi cikakke, ga kuɗin buɗe fayil da ake ƙarawa kan uwar kuɗi shi ma ya riƙa haihuwa.

A ce an sulhunta a kan dala 300,000 bayan shekara uku. Lauya ya ɗauki 100,000, kuɗin ƙwararrun shaidu da takardu ya ci 30,000, saura 170,000 tsakanin uwa da 'ya'ya uku. Idan kason uwar ya kama 70,000, kamfani zai tafi da kusan 29,000, ta tashi da 41,000 a kan ran mijinta. Dala 10,000 ɗin ta hana a kore su daga gida, wannan ba ƙarya ba ne. Amma ya kamata a ce an nuna mata wannan lissafi baƙi da fari tun ranar sa hannu, lokacin da hawaye bai bar ta ta karanta shafi goma na Turancin lauyoyi ba.

Bincike mafi girma a kan harkar shi ne na malaman shari'a Ronen Avraham da Anthony Sebok, wanda ya fito a 2019 daga bayanan wani babban kamfani. Sun gano cewa kamfanin yana ƙin kusan rabin masu nema, yana yin asara a wani kaso na ƙararrakin, kuma sau da yawa yana karɓar ƙasa da abin da kwantiragi ya ce saboda lauyoyi suna neman ragi. Duk da haka ribar da take shiga hannunsa ta haura kashi 40 cikin 100 a shekara.

Bashi ne ko ciniki

Kamfanonin ba sa yarda a kira kuɗinsu bashi. Suna cewa wani yanki na diyyar gobe suka saya, tunda idan babu diyya babu biya. Wannan ba gardamar suna kawai ba ce, domin idan bashi ne dokokin ƙayyade kuɗin ruwa za su hau kansa. Kotun ƙolin Colorado ta ce bashi ne a 2015. Ta Minnesota ta ce a 2023 dokar kuɗin ruwa ta jihar ba ta shafe shi ba.

Akwai kuma tsohuwar ƙa'idar Ingila, tun ƙarni na 13, da ta hana bare zuba kuɗi a rigimar wani don ya ci daga ganima. Ingila ta daina ɗaukar hakan laifi a 1967, Massachusetts ta yi watsi da ƙa'idar a 1997, Minnesota a 2020. Kotun ƙolin Ohio kuwa da ita ta rushe kwantiragi a shari'ar Rancman ta 2003, inda wata da ta ji rauni a hatsarin mota ta karɓi dala 6,000 bisa sharaɗin biyan 16,800 idan an gama cikin wata 12. Hujjar kotun abin lura ce: irin wannan nauyi yana sa mai ƙara ya ƙi sulhu mai kyau, domin bayan an cire na kamfani ba zai ga abin kirki ba. Majalisar jihar ta halatta harkar da doka a 2008.

Babu dokar tarayya ta musamman a kan wannan kasuwa, wasu jihohi ne suka yi tasu. Maine ta fara a 2007. Arkansas ta tsayar da riba a kashi 17 a shekara, West Virginia a 18, Indiana a 36. Illinois ta yarda da kashi 18 duk wata shida, amma lissafi yana tsayawa bayan wata 42. Yawancin dokokin sun wajabta rubuta jimillar abin da za a biya a kowane zango, sun ba mai karɓa 'yan kwanaki, galibi biyar, ya mayar da kuɗi ya fasa, sun hana kamfani sa baki a maganar sulhu ko ba lauya la'ada. Masu matsa lamba a tsananta dokokin sun haɗa da majalisar 'yan kasuwa ta Amurka da kamfanonin inshora, waɗanda daga ɓangarensu diyyar take fita, don haka ba tausayin marayu kaɗai ke motsa su ba. A ɗaya ɓangaren kuma, a 2017 hukumar kare masu hulɗar kuɗi ta tarayya da babban lauyan jihar New York sun kai kamfanin RD Legal Funding ƙara bisa zargin tsawwala wa ma'aikatan ceto na harin 11 ga Satumba da tsofaffin 'yan wasan ƙwallon Amurka da suke jiran diyyarsu.

Ga iyalan Musulmi mazauna Amurka akwai ƙarin tambaya, ta riba da ta sayar da abin da ba a tabbatar da samuwarsa ba, wadda sukan kai wa malamansu kafin su sa hannu. Lauyoyin da suka san aikinsu kan sa iyali su fara bin wasu ƙofofin: inshorar rai ta wurin aiki, fanshon wata-wata da gwamnatin tarayya take biyan marayu da iyayensu mata, diyyar ma'aikata idan a bakin aiki aka mutu, da asusun tallafa wa waɗanda aka yi wa laifi da kowace jiha take da shi. Idan duk da haka sai an je wurin kamfani, sukan nemi a karɓi kaɗan-kaɗan gwargwadon buƙata maimakon dunƙule ɗaya, a zaɓi ribar da ba ta haihuwa, a kuma rubuta iyakar da bashin ba zai wuce ba ko da shari'ar ta kai shekara biyar.